Dokar Mallakar Ƙirƙira: Me Ta Tsinana Wa Maƙeran Fagge?

A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in yi bayani a kan wata doka wadda da yawanmu ba mu taɓa jin sunanta ba, alhali kuwa ta shafi maganin da muke sha, da atamfar da iyayenmu mata ke ɗaurawa, da injin da ke niƙa mana tsaba. Wannan doka ita ce dokar mallakar ƙirƙira. Abin da ya jawo hankalina gare ta kuwa, wani al'amari ne da ya faru a danginmu.

Abin Da Ya Sami Kawuna

Ina da kawu mai rumfar walda a Fagge. Bai yi nisa a boko ba, amma Allah ya hore masa sanin ƙarfe. Shekara uku da suka wuce, manoma suka riƙa kawo masa kuka cewa injin ɓarar gyaɗa da ake sayarwa yana farfasa ƙwaya, ga shi kuwa gyaɗar da ta farfashe ba ta daraja a kasuwar Dawanau, ba ta kuma yin iri. Kawu ya shiga gwaji. Kullum yana hanyar Sabon Gari sayen boris da fuli da bel, ya haɗa ya kwance, ya kwance ya haɗa, har wajen wata shida. Daga bisani ya gano cewa in aka lulluɓe sandunan da ke murza gyaɗar da robar tsohuwar taya, aka kuma yi ragar yadda za a iya matso da ita ko a ja ta baya gwargwadon girman gyaɗar, to ɓarnar tana raguwa ƙwarai.

Ya ƙera guda huɗu ya sayar. Kafin kaka ta zagayo, sai ga irin injin nan sak a rumfuna uku, kuma sun fi nasa araha, domin su ba su yi asarar ƙarfe da mai wajen gwaji ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Na ce masa, "Kawu, ba za ka kai ƙara ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ƙarar wa, a gaban wa? Ai dabara ba akuya ba ce, balle a ce an gan ta a turken wani." Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ƙara da cewa, "Ni ma fa injin da na fara ƙerawa a duniya, na Indiya na kwance na kwaikwaya."

Tun daga ranar bai sake gwada wani sabon abu ba. Ya koma ga ƙofofi da tagogi. Akwai wata dabara ta injin matsar mai da ya daɗe da ita a ka, amma ya ce ba zai sake ɓata darensa don wani ya kwashi garaɓasa ba. Maganganun nan nasa biyu su ne tushen wannan darasi. Kwaikwayo makaranta ce, ta nan kowane maƙeri ke farawa. Amma in kwaikwayo ba shi da iyaka, mai ƙirƙira yakan ajiye guduma. Aikin doka shi ne ta raba wannan gardama.

Mece Ce Takardar Mallakar Ƙirƙira?

Takardar mallakar ƙirƙira, wadda Turawa ke kira fatent, ciniki ce tsakanin mai dabara da jama'a. Shi mai dabara zai rubuta sirrin abin da ya ƙirƙiro filla-filla, yadda duk mai sana'ar zai iya karantawa ya yi irinsa. Ita kuwa hukuma za ta hana kowa ƙera abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi ba da izininsa ba, har tsawon waɗansu shekaru ƙayyadaddu. In wa'adin ya cika, dabarar ta zama ta kowa da kowa.

Birnin Benis na ƙasar Italiya ne ya fara yin irin wannan doka a shekarar 1474. Ingila ta yi tata a 1624, ta sa wa'adin shekara 14, watau ninkin shekara 7 da yaro kan yi yana koyon sana'a a wurin maigidansa a wancan zamani. A yau wa'adin shekara 20 ne a kusan dukkan ƙasashen duniya.

Kada mu haɗa wannan takarda da 'yan'uwanta. Haƙƙin mawallafa yana kare littafi da waƙa da fim. Tambarin kaya yana kare suna da alamar kamfani. Rajistar zane tana kare kamannin abu, kamar furen da ke jikin atamfa. Ita kuwa takardar ƙirƙira, yadda abu ke aiki take karewa.

Mu Hausawa ma muna da hanyar kare dabara tun kaka da kakanni, ita ce ɓoye asiri. Marini da baduku da mai magani ba sukan faɗi sirrinsu ga kowa ba sai ɗa ko amintaccen bara. Aibin wannan hanya shi ne, sau da yawa tsoho kan rasu a binne shi da iliminsa. Abin da aka rubuta kuwa yana nan, na baya su ɗora a kai.

Tarihin Dokar A Ƙasarmu

Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar farko a Ikko a 1900, suka yi ta Arewa a 1902, watau tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tun kafin a yanka filayen Sabon Gari. Bayan haɗe Kudu da Arewa aka yi doka guda a 1916. A 1925 aka sake ta, aka ce takardar da aka riga aka bayar a Ingila kaɗai za a yi wa rajista a Nijeriya. Ma'ana, in maƙerin Fagge ya ƙirƙiro abu, sai ya fara neman takarda a Landan kafin a san da shi a ƙasar haihuwarsa. A fili yake cewa an yi wannan doka ne domin kare kayan kamfanonin Ingila.

Haka aka zauna har shekara goma bayan samun mulkin kai. A 1970 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Doka ta 60, wadda ta fara aiki a 1971. Dokar ta gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya zama an yi amfani da basira wajen gano shi, kuma ya zama ana iya sarrafa shi a masana'anta ko gona. Wa'adinta shekara 20 daga ranar da aka shigar da takarda, muddin ana biyan kuɗin shekara-shekara. A 1979 aka kafa ofishin lura da yarjejeniyar fasaha tsakaninmu da baƙi, wanda aka sake wa suna NOTAP a 1992. Wannan ofishi yana taimakon 'yan ƙasa wajen rubuta takardar da shigar da ita, kuma daga 2006 ya shiga buɗe rassa a jami'o'i da cibiyoyin bincike.

To, ƙidayar 1963 ta nuna mutanen Nijeriya wajen miliyan 55. Yanzu mun haura miliyan 200, ga waya a hannun kowa, ga sana'o'in da ba a taɓa mafarkinsu ba. An sabunta dokar haƙƙin mawallafa a 2023, an yi dokar kare sababbin iri na shuka a 2021, amma ita dokar ƙirƙira ta shafe fiye da shekara hamsin ba a yi mata garambawul ba, ko da yake an sha kai ƙudurin gyaranta majalisa. Rigar da aka ɗinka wa yaro ce ake so magidanci ya sa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Na farko, ofishin rajista ba ya bincika ko abin da aka kawo masa sabo ne da gaske. Cikar takardu kawai yake dubawa. Dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Don haka mai kuɗi ba zai yarda ya zuba jari a kanta ba, tun da kotu na iya soke ta gobe.

Na biyu, wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai ita a idon doka. Bugu da ƙari, in ka bayyana dabararka ga jama'a kafin ka shigar, ta daina zama sabuwa. Ashe ranar da kawu ya sayar da injinsa na farko, ranar ya rufe wa kansa ƙofa bai sani ba.

Na uku, ofishin yana Abuja, ana rubuta takardar da Turancin lauyoyi, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke jin irin wannan shari'a. Mai rumfar walda da ke neman na cefane ina zai iya?

Na huɗu, dokar ta fi dacewa da babbar ƙirƙira irin ta manyan kamfanoni. Ba ta yi tanadi a fili ba domin ƙaramin gyara mai amfani irin na kawu. Shi ya sa shekaru da dama mafi yawan takardun da aka bayar a ƙasar nan na kamfanonin waje ne.

Darasi Daga Kwalin Magani

Duk wanda ya san Sabon Gari ya san ta daɗe tana cibiyar cinikin magunguna a Arewa, kafin hukuma ta tilasta wa 'yan sari komawa Dangwauro a 2024. In ka je kemis, ɗauki kwali ka juya bayansa. Sau da yawa za ka ga a Indiya aka yi shi. Yaya aka yi haka?

Abin mamaki, Indiya ma a 1970 ta yi sabuwar dokarta, shekara ɗaya da mu. Amma su sun fara duban halin da suke ciki. A lokacin magani na da tsada a can ƙwarai, kuma kamfanonin waje ne ke riƙe da kasuwa. Sai dokarsu ta ce, a fannin abinci da magani ba wanda zai mallaki shi kansa maganin, sai dai hanyar haɗa shi, ita ma na ɗan wa'adi da bai wuce shekara 7 ba. Watau in Ba'indiye ya gano wata hanya dabam ta haɗa magani iri ɗaya, ba mai hana shi. Masana haɗa magunguna suka duƙufa, kamfanonin gida suka bunƙasa. A 2001 kamfanin Cipla ya ce zai sayar da magungunan rage kaifin ƙanjamau a kan dala 350 na shekara guda, alhali a lokacin ana sayar da su sama da dala 10,000. Miliyoyin 'yan Afirka sun rayu albarkacin wannan rahusa.

Da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka wajabta wa ƙasashe kare shi kansa maganin na shekara 20. Indiya ta ci wa'adin shekara goma da aka ɗiba mata, ba ta bi ba sai 2005, lokacin da masana'antunta suka riga suka yi ƙarfi. Ko a nan ma ta sa wani sashe da ya hana kamfani ya ɗan taɓa tsohon magani ya ce sabo ne don ya tsawaita wa'adi. Da wannan sashe Kotun Ƙolin Indiya ta kayar da kamfanin Novartis a 2013 a kan wani maganin kansar jini.

Sai dai a lura da abu biyu. Dokar ba ita kaɗai ta yi aikin ba: gwamnatin Indiya ta riga ta kafa masana'antun magani da ɗakunan bincike inda aka horar da ma'aikata. Haka kuma, maganin da aka kwaikwaya bisa doka, mai ɗauke da sunan kamfanin da ya yi shi, dabam yake da jabu. Jabu ha'inci ne da kisan kai, yaƙi da shi kuwa aikin hukumar NAFDAC ne.

Darasi Daga Kantin Kwari

Mu dawo Fagge, mu shiga Kantin Kwari. Atamfa da shadda da leshin da ke jibge a can, galibinsu daga ƙasar Sin suke. A 2015 sai da marinan Kano suka yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki, suna kukan cewa kayan Sin masu kama da rininsu sun kashe musu kasuwa. Dokarmu ta 1970 tana kare sabon zane na shekara 5, ana iya sabuntawa har zuwa 15, amma marina nawa suka san da haka?

Ita ma Sin da kwaikwayo ta fara. Ba ta yi dokar ƙirƙira irin ta zamani ba sai 1984, ta fara aiki a 1985. Amma ba ta bar ta ta tsufa ba, ta yi mata gyara a 1992, da 2000, da 2008, da 2020, tana ƙara mata ƙarfi gwargwadon yadda masana'antunta ke girma. Tun farko kuma ta buɗe ƙofa ta biyu, watau ƙaramar takarda mai gajeren wa'adi domin ƙananan gyare-gyare na na'urori, mai araha da saurin fita. Jamus ta fara wannan tsari a 1891, Japan ta ɗauka a 1905. Ta wannan ƙofa ƙananan maƙera suka shiga. A 2011 ofishin Sin ya wuce na Amurka yawan masu neman takarda.

Ba a rasa nono a ruga, haka kuma ba a rasa ƙuda. Da hukumomin Sin suka riƙa ba da tukuici ga duk wanda ya shigar da takarda, sai aka cika ofis da tarkacen da ba su da amfani, har gwamnati ta ba da umarni a 2021 a janye irin wannan tukuici. Yawan takarda dabam, yawan ƙirƙira dabam.

Namu Na Gida

Kada a ɗauka ba mu taɓa yin kome ba. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta haɗa kai da wani mai maganin gargajiya suka samar da Niprisan, maganin rage ciwon amosanin jini, watau sikila. Cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen wani nau'in dawa, abubuwan da ba baƙi ba ne a kasuwanninmu. An sami takardarsa a Amurka a 1998, kuma an rubuta sunan mai maganin gargajiyan cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Aka ba wani kamfanin Amurka izinin sarrafawa, aka fara sayar da shi a 2006. Ba a jima ba kamfanin ya karye, maganin ya yi wuyar samu shekara da shekaru, marasa lafiya suka koma 'yar gidan jiya. Wannan ya nuna takarda tana iya kare ilimin gargajiya da mai shi, amma ba ta gina masana'anta. Sai da jari da wuta da riƙon amana.

Gyaran Da Ya Dace Da Mu

Abin da tarihin Indiya da Sin ya koya mana shi ne, kowace ƙasa gwargwadon jikinta take yanka dokarta, ta kuma sake ɗinki in ta ƙara girma. In doka ta cika tsauri, mai koyo ba zai sami abin kwancewa ya koya ba. In ta cika sako-sako, gwani zai yi fushi kamar kawu. A ganina ga abubuwan da ya kamata gyaran ya ƙunsa.

A buɗe ƙofar ƙaramar takarda mai gajeren wa'adi da araha. Don kada wani ya yi amfani da ita ya zalunci maƙwabtansa, a bi tsarin Japan, inda mai ƙaramar takarda ba shi da ikon tuhumar kowa sai ya karɓo rahoton masana a kan ingancinta.

A ɗauki injiniyoyi da masana kimiyya su riƙa tantance babbar takarda ta shekara 20 kafin a bayar, kada baƙo ya zo ya shinge abin da jama'a suka daɗe da sani.

A kawo aikin kusa. A sami wurin da mai sana'a zai je a Kano a yi masa bayani da Hausa, a taimake shi da zane da rubutu. A kuma sami hanyar sulhu mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyin masu sana'a, domin mai kwaikwayo ya biya mai dabara wani ɗan kaso a kan kowane inji, kowa ya ci abinci.

A kare lafiyar talaka. Dokar 1970 ta ba da damar a tilasta wa mai takarda ya ba wasu izini in ya ƙi sarrafa abin a ƙasa. A riƙe wannan dama, a ƙara da irin sashen nan na Indiya.

A duba maƙwabta. Takardar Nijeriya a bakin iyaka take tsayawa. Nijar kuwa tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda takarda guda ke aiki a ƙasashe 17, kuma suna da tsarin ƙaramar takarda. Ga shi kuwa 'yan kasuwar Maraɗi ba sa rabuwa da Kano.

Namu Aikin

Ya 'yan'uwana, mu ma akwai abin da za mu iya tun yanzu. Tsofaffin takardun ƙirƙira miliyoyi suna nan kyauta a intanet da zanensu, waɗanda wa'adinsu ya cika kuwa halal ne ga kowa. Mu da muka iya karatu mu fassara wa iyayenmu masu sana'a. Duk wanda ya gano wata dabara a kulob ɗin kimiyya, ya rubuta ta a littafi da kwanan wata, ya nemi shawarar malami kafin ya baza hotonta a waya. Ku kuma iyayenmu, in kun ga yaro na kwance tsohuwar rediyo, kada ku yi saurin ɗaukar bulala.

A hutun da ya wuce na sayi littafi mai shafi 60, na tafi rumfar kawu na ce, "Kawu, ka faɗa mini yadda injin matsar man nan zai kasance, ni kuwa in zana, mu ajiye ba wanda zai gani har sai mun nemi shawarar masana." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka tabbata wannan takarda taku za ta hana a kwashe?" Na ce ban yi masa alkawari ba, amma ko ba kome ilimin ba zai bi shi kabari ba. Ya yi dariya, ya ce in dawo bayan la'asar. Yanzu mun cika shafi 11.

Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, ya sa wa sana'ar iyayenmu albarka, mu kuma ya ba mu ilimi mai amfani, amin.